Takardar da Ke Cikin Fayil ɗin Iya Ɗauraya

Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin mai gadi ya gama jan babbar ƙofa, Iya Ɗauraya ta riga ta shige ta ƙaramar. Ba ta da doguwar gaisuwa da safe. Bayan gidan renon yaran ma'aikata take nufa kai tsaye, inda famfo yake, da baho huɗu a jere, da igiyoyin shanya shida. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta naɗe hannun riga, ta ɗora babbar tukunya a wuta, sannan ta buɗe bokitan da masu reno suka bari jiya da yamma. Wanda bai saba ba, da an ɗaga murfin nan sai ya ja da baya. Ita ko fuska ba ta yatsinawa. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wanke nafkin ɗin jariran wannan ma'aikata, kuma ranar Juma'ar nan take ajiye aiki.

Ni ce sakatariyar kwamitin jin daɗin ma'aikata. Waɗanda suka san ni sun san ko da lafiya ƙalau ba na iya zama wuri ɗaya, to wannan makon abin ya wuce nan. Rabin rubutun nan a tsaye na yi shi. Zan faɗi dalili, ku ɗan yi haƙuri da ni, amma bari in fara da ita.

Aikinta yana da tsari, kuma ba a haifi wanda zai sa ta tsallake mataki ba. Kashi a kankare shi a zuba a bayan gida tukuna. Sai ruwan sanyi, don ta ce ruwan zafi dafa tabo yake yi, ya zaunar da shi a ƙyalle. Sai sabulun sanda, wanda ba ƙamshi ba launi. Sau biyu a mako tana tafasa su a tukunya. Daga nan sai ɗauraya, inda ta samo sunanta. Baho na ɗaya, na biyu, na uku, kuma a na ukun sai ta ɗebi ruwan a tafin hannu ta ɗaga ta duba. In ta ga ko ƙwayar kumfa ɗaya, a zubar a sake. Duk mai renon da ta taɓa fitowa taya ta, magana ɗaya ta ji: "Ƙara ɗauraya." Har yaran da suka fara koyon magana sukan bi ta a baya suna cewa "ɗauyaya, ɗauyaya."

Ta kan ce, "Sabulun da ya maƙale a ƙyalle jira yake fitsari ya zo ya tashe shi. Su biyun nan in suka haɗu a fatar jariri, wuta ce."

Kafin ƙarfe goma igiyoyin sun cika fari fat. Rana, in ji ta, ita ce abokiyar aikinta, kuma ta fi kowa cika alkawari. In hadari ya haɗo, za ka ga mace mai shekara sittin tana gudu da baho a ka, sannan ta wuni da dutsen guga tana busar da su ɗaya bayan ɗaya, don ba ta yarda a ɗaura wa ɗan mutum abu mai danshi.

Kowane jariri da alamarsa. Ranar da aka fara kawo shi, sai ta ɗauki allura ta yi ƙulli da zare a kusurwar kowane nafkin nasa: ja ƙulli ɗaya, shuɗi ƙulli uku, haka dai. Da wannan alamar take kiran yaro har ya girma. Bara wani babban injiniya ya zo duba mana injuna, da jakarsa da rakiyarsa. Iya ta tsaya ta ƙare masa kallo ta ce, "Baƙi-ɗaya, kai ne ka zama haka? Kai da kake jiƙa min sha biyu a wuni." Mutumin ya ajiye jaka ya durƙusa ya gaishe ta, masu rakiya suna ta danne dariya.

Nas ɗin gidan renon ce ta ba ni labarin Rawaya-biyu. Wata safiya Iya ta shigo mata ɗaki hannu duk ruwa ta ce, "Yarinyar nan uku kawai ta jiƙa jiya, ita da ke jiƙa takwas. Fitsarin ma ya yi duhu. A duba ta." Ba wanda ya lura, don yarinyar ba kuka take ba, kwanciya kawai take yi lamo. Da aka duba, ruwan jikinta ya fara ƙarewa, asibiti aka wuce da ita a ranar. Nas ta ce da ni, "Ni da takardar karatu ina cikin ɗaki, mai wanki ce ta gani daga igiya."

Direban motar ma'aikata ma yana da nasa. Matarsa ta kwanta asibiti wata biyu, ta bar masa jariri. Ya kawo yaron ranar farko a naɗe da tawul, ya ɗaure da igiyar takalmi. Iya ba ta yi masa dariya ba sai daga baya. Ta zaunar da shi a kan benci, ta nuna masa yadda ake ninka ƙyalle ya zama kusurwa uku, a tara kaurin a inda fitsari ke sauka, a soka fil cikin sabulu don ya shige da sauƙi. Sannan ta kama yatsunsa biyu ta cusa su tsakanin ƙyallen da cikin yaron ta ce, "In fil zai soki wani, kai zai soka." Har yau direban yana nuna tabon a yatsarsa kamar wata lambar yabo.

Ke ce, Iya, mai hannun da ruwa ya cinye. Ke ce wadda 'ya'yanmu suka fara sanin tsabta a hannunta tun ba su san sunan kansu ba. Lokacin da nafkin na yarwa suka cika kantuna aka ce a rufe wurin wankinki, iyayen yaran da fatarsu ba ta jure roba ne suka tsaya kai da fata, aka bar miki famfonki. Mun riƙa karɓar yaranmu da yamma a bushe, muna shinshina wuyansu, muna gode wa masu reno. Ke kuwa kina baya, muna hango ƙafafunki kawai ta ƙarƙashin shanya.

To, ga abin da ya hana ni zama.

Shekara ashirin da uku da suka wuce na haifi 'yata ta fari. Iya ta yi mata zare kore, ƙulli biyu. Ina yarinya a lokacin, ga rawar kai, ga ganin na fi kowa sanin tsabta. Ranar Juma'a akan ba kowace uwa nafkin ɗin ɗanta ta tafi da su gida, ta dawo da su Litinin. Ni kuwa raina nafkin ɗin Iya nake yi, don ba sa ƙamshin komai. Sai na sayo ruwan nan mai ƙamshi da ake zubawa don kaya su yi laushi. Asabar da Lahadi in zabga garin sabulu, in ɗauraye sau ɗaya don ina sauri, in tsiyaya ruwan ƙamshi, in shanya a ɗaki. In na ɗaura mata, in ɗora wandon roba a kai ya wuni, don kada ta ɓata min zanin gado. Ni a ganina ba jaririyar da ta kai tawa gata.

Sai kuraje suka fito. Duwawun yarinya ya yi ja jawur, fata ta fara saɓulewa, in fitsari ya taɓa ta sai ta ƙanƙame jiki ta tsala ihu. Ranar Litinin da yamma in na je ɗaukarta abin ya fi muni. Zuwa Alhamis ya lafa, Litinin ya dawo. Da ina da hankali da na tambayi kaina abin da ke faruwa tsakanin Juma'a da Litinin. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na ce ai ranar da ta koma gidan reno abin ke tashi, saboda haka daga can ne.

Zuciya ta ɗebe ni na zauna na rubuta takarda, shafi guda cur. Na ce mai wanki ba ta wanke kaya da kyau, tana haɗa na yara wuri ɗaya, hannunta ma ban yarda da shi ba. Na iya rubutu, wannan ce matsalata tun ina makaranta. Shugabar gidan renon ta kira Iya a gabana ta karanta mata. Iya tana tsaye, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunta zuwa siminti. Aka ce ta yi magana.

Ta ce, "To. A ba ni sati biyu. Amma kada uwar Kore-biyu ta wanke ko ɗaya a gida. Ta kankare, ta zuba a bokiti da ruwan sanyi, ni zan biyo in karɓa Asabar da Lahadi."

Haka aka yi. Ranakun hutunta ta riƙa zuwa ƙofar gidana da safe, ta karɓi bokiti, ta miƙo min busassu. Ta ce in cire wandon roba in dai muna gida, in bar yarinya ta sha iska a kan tawul. Kwana goma fata ta koma sumul. Kun san abin da na ce? Na ce da mijina, "Ka gani ko, sai da na rubuta ta gyara aikinta." Ita kuwa aka ba ta takardar gargaɗi, aka haɗa da tawa aka sa a fayil.

Bayan wata huɗu na gane. Na zo ɗaukar 'yata na tarar da Iya tana koya wa wata sabuwar uwa. Ta shimfiɗa nafkin biyu a kan benci, ta tsiyaya ruwa a kowanne. Na farko ya shanye nan take. Na biyu, wanda matar ta kawo daga gida, ruwan ya taru a kansa ƙwaya-ƙwaya ya gangare ƙasa. Iya ta ce, "Kin ga, ruwan laushin nan toshe ƙyalle yake yi. Fitsari ba ya shiga, sai ya kwanta a jikin yaro, ga sauran sabulu yana taya shi." Iska ta kaɗo min ƙamshin nafkin ɗin. Ƙamshin da ke cikin kwalbata ne, ba ko tantama. Na saɓi 'yata na fice ta ɗaya ƙofar.

Na ce gobe zan je in ba ta haƙuri. Gobe ta yi na ce sai na sami lokacin da ba mutane. Daga nan na fara kauce wa bayan gidan renon kamar akwai kare a wurin. Kunya tana ƙaruwa, zuwan yana ƙara nauyi, har shekaru suka binne maganar. Iya ba ta taɓa canza min fuska ba. Ta wanke na ɗana na biyu, ta wanke na autana, kullum "Uwar Kore-biyu, an tashi lafiya?" Ni kuma na lallashi kaina da cewa ta manta.

Ranar Litinin ɗin nan aka kawo min jerin masu ritaya da za a kira sunansu a ba su takardar yabo a taron Juma'a. Mutum tara ne ke ajiye aiki, suna takwas na gani. Na gangara ofishin ma'aikata na sami mai kula da fayil, wani dattijo da ba ya gaggawa ko gobara ake yi. Na ce an manta da Iya. Ya ce ba a manta ba, doka ce, duk mai takardar gargaɗi a fayil ba ya shiga jerin yabo. Na ce wace irin takarda, matar da ko latti ba ta taɓa yi ba? Ya miƙe a hankali, ya jawo fayil, ya buɗe ya juyo min da shi. Takardar ta yi rawaya, amma rubutun hannuna yana nan raɗau, har da layin da na ja a ƙarƙashin "ba ta wanke kaya da kyau."

Na ce, "Malam, cire ta. Ni na rubuta, kuma ba gaskiya ba ce."

Ya ce, "Ba haka ake yi ba, Hajiya. Ki rubuta kin janye, kwamitin ladabtarwa ya zauna ya amince."

"Yaushe za su zauna?"

"Bayan wata uku, in Allah ya kai mu."

Na rubuta a nan tsaye a kan teburinsa. Talata kuwa ƙafata ba ta huta ba. Na hau bene na sauka ya fi sau goma. Shugaban kwamitin ladabtarwar ya yi tafiya, mataimakinsa ya ce ba shi da iko, wanda ke da iko yana taro, da ya fito ya ce abin tausayi ne amma in aka buɗe wannan ƙofa kowa zai shigo. Na yi magiya, na yi faɗa, na koma magiya. Ba wanda ya yi min rashin mutunci, kuma ba wanda ya sa hannu.

Jiya Laraba na rasa ofishin da zan shiga, sai ƙafata ta kai ni inda na shekara ashirin da uku ina gudu. Tana kan baho na uku. Na tsaya a bayanta ina murza 'yan yatsu kamar 'yar makarantar da aka kama da satar amsa.

Na ce, "Iya, kurajen Kore-biyu, ni ce. Ruwan ƙamshi nake zubawa."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani. Tun Litinin ɗin farko na ji shi a hanci."

"To me ya hana ki faɗa a gaban shugaba?"

Ta matse nafkin ta jefa a bokiti. "'Yar nan, ranar ba ki da kunne. Idonki ja, kin kwana uku ba barci, yarinya tana ihu a kafaɗarki. Da na ce laifinki ne a gaban mutane, da kin ɗauke ta daga nan kin koma gida kin ci gaba da zuba turarenki. Ni duwawun yarinya nake so ya warke, ba gardama nake son ci ba."

Na gaya mata maganar jerin sunaye, don gara ta ji daga bakina. Ta yi 'yar dariya ta ce takardar yabo ko fitsarin jariri ba za ta shanye ba, me za ta yi da ita. Na ji sanyi a raina, har na fara cewa Allah ya saka mata. Sai na ga hannunta ya tsaya cikin ruwan.

Can ta ce, "Na dai ce wa jikokina su zo. Na ce za a kira sunan kakarsu a lasifika." Ta share hannu a zani. "Kuma kada ki ce ba ta dame ni ba, waccan takardar. Ta dame ni. Abu ɗaya na iya a duniya, wanki. Duk wanda ya buɗe fayil ɗina, abin da zai fara gani shi ne mai wanki ba ta iya wanki ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Na ce ta yafe min. Ta ce ta yafe tun yarinya tana rarrafe, amma ta so ta ji daga bakina kafin ta tafi. Sannan ta tura min bahon da ƙafa ta ce tunda na zo kada in tsaya hannu rabbana. Na cire agogo na tsuguna. Na ɗauraye, na matse, na miƙa mata. Ta ɗebi ruwan ta duba ta ce, "Ƙara ɗauraya."

Kore-biyu yanzu tana da cikin wata takwas. Da na zo tafiya Iya ta shiga ɗakin ajiya ta fito da ƙunshi, nafkin sababbi goma sha biyu, ta riga ta tafasa su ta ninke. A kusurwar kowanne akwai zare kore, ƙulli uku. Ta ce in kai mata, in kuma gaya mata kada ta bari uwarta ta taɓa wankin.

Mun gode, Iya. Na gode, ni da na fi kowa cancantar a juya min baya. Allah ya hutar da hannuwan nan, ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki. Ku kuma matasan iyaye, ku ɗauki abin da ta bar mana: ruwan sanyi tukuna, sabulu marar ƙamshi, ɗauraya uku, rana, da yatsu biyu a bayan fil. In ɗanku ya yi kuraje, ku fara shinshina bokitinku kafin ku ɗauki biro. In kuma kun riga kun ɓata wa wani suna, ku je yau, kada ku yi irin goben da na yi.

Duk wanda ya taɓa ɗaura zaren Iya a jikinsa ko a jikin ɗansa, ina roƙonsa ya zo babban ɗakin taro ranar Juma'a ƙarfe goma. Baƙi-ɗaya ya ce zai zo, direba ma haka, nas za ta kawo Rawaya-biyu. Ni ce mai karanta sunaye. Takardar da za a miƙo min suna takwas ne a cikinta, tara zan kira, kuma da nata zan fara, cikakke, da ƙarfi yadda jikokinta za su ji. In kun ji, ku miƙe tsaye.

Na gaya wa mai kula da fayil abin da zan yi. Ya cire tabarau ya ce wannan saɓa doka ne, kuma za a iya ba ni takardar gargaɗi. Na ce ya tanadi wurinta a fayil ɗina, don tun shekara ashirin da uku da suka wuce can ya kamata ta zauna.